Kofin ACC na ƙwallon mata: wadda ta ɗauka ta koma gida da wuri, wadda ta rasa ta zama zakarar ƙasa

A Nuwamban 2024 'yan matan jami'ar Florida State suka doke na jami'ar North Carolina da ci 3-2 a wasan ƙarshe na gasar ACC, wato gasar wata gamayyar jami'o'in Amurka, suka ɗaga kofi, aka ɗau hotuna, kowa ya ce to shi ke nan, su ne na bana. Ko sati biyu ba a rufa ba Vanderbilt ta cire su a bugun fenariti a zagaye na biyu na gasar ƙasa. Ita kuma North Carolina ɗin da aka doke, ita ce ta je ta cinye kofin ƙasar gaba ɗaya a watan Disamba, a filin da aka doke ta ɗin. In kai ɗan kallon Firimiya ne ko Laliga dole abin ya ɗaure maka kai, don a can wanda ya ƙare a saman tebur shi ne zakara, magana ta ƙare. A jami'o'in Amurka kuwa zakara hawa uku ne, kuma wannan na tsakiyar, wato gasar sili ɗaya ƙwale da ake yi bayan an gama lig, shi ne mafi wuyar ganewa.

Sai an fara gane yadda aka tsara gidan. Akwai hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, sunanta NCAA, hedikwatarta na Indianapolis. A babban rukuninta kaɗai akwai jami'o'i sama da 330 masu ƙungiyar ƙwallon mata, ka ga ai ba yadda za a yi su haɗu a tebur ɗaya. Don haka jami'o'in sun rarrabu gida-gida, kowane gida suna ce masa kwanfarans, wato gamayyar makarantu da suka yarda za su riƙa karawa da juna a duk wasanni kuma su raba kuɗin talabijin tare. ACC ɗaya ce daga cikin manyansu, an kafa ta a 1953, asalinta makarantun gabar tekun Atlantika ne. Yanzu tana da jami'o'i 18, amma 17 ne ke buga ƙwallon mata, Georgia Tech ba ta da tim.

Kakar wasan gajeriya ce sosai, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Disamba an gama komai, kamar damina. Farko kowace makaranta za ta buga da 'yan waje, sannan a shiga wasannin gida, inda a ACC kowa ke buga wasa 10. Maki uku in ka ci, ɗaya in an tashi kunnen doki. Wadda ta ƙare a sama ita ce zakarar lig. Wannan hawa na ɗaya kenan. Sai a ɗebi na saman tebur a sa su gasar kwana bakwai zuwa takwas, wadda ta ci ta ɗau kofin gamayya, hawa na biyu. Sai gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 64, hawa na uku.

To me ya kawo na biyun? Tikiti. Kowace gamayya tana da kujera ɗaya tabbatacciya a cikin 64 ɗin nan, kuma ita gamayyar ce ke da ikon cewa ga yadda za ta bayar da ita. Yawancinsu sun zaɓi su ce wadda ta ci wannan ƙaramar gasar ita ce mai kujera. Gamayyoyin wajen 30 ne, ka ga kusan rabin gurbin sun tafi ta nan. Sauran sama da 30 ɗin kuma wani kwamiti ne ke zama ya zaɓa, yana duba wa ka doke, wa ya doke ka, da wani lissafi da suke ce wa RPI, wanda ba yawan wasan da ka ci kawai yake dubawa ba, har da ƙarfin waɗanda ka buga da su, har ma da ƙarfin waɗanda su suka buga da su. Wato cin wasa goma a kan raunana bai kai cin shida a kan ƙarfafa ba.

Nan ne abin ya rabu biyu, kuma ni a ganina duk wanda bai gane wannan rabuwar ba bai gane gasar ba.

Ga ƙananan gamayyoyi wannan satin shi ne rai da mutuwa. Irin gamayyar da kowa ya sani ƙungiya ɗaya tak za ta samu a gasar ƙasa, kwamiti ba zai ƙara mata ko ɗaya ba. Ka ɗauka tim ta yi wata biyu da rabi ba a doke ta ba a gida, ta ƙare a saman tebur da tazara mai yawa, sai a wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da ta huɗu, waccan ta tare gida, mutum goma a bayan ƙwallo, aka yi minti 90 ba ci, aka ƙara lokaci ba ci, aka je fenariti, yarinya ɗaya 'yar shekara 19 ta buga ya daki turke ya dawo. Shi ke nan fa. Aikin wata uku ya bi ruwa, 'yan ajin ƙarshe kuma da yawansu wannan ne wasansu na ƙarshe a rayuwa, don mafi yawansu ba za su zama ƙwararru ba, aiki za su nema da digirinsu. Wani abin haushin ma, a littafin NCAA wasan da aka raba da fenariti canjaras ake rubuta shi, ba a ce an doke ka ba, amma kuma ka tafi gida. Shi ya sa akwai gamayyoyin da suka daɗe suna ƙin wannan tsarin. Pac-12 har ta watse ba ta taɓa yin irin gasar ba a ƙwallon mata, zakarar lig take ba tikiti, haka ma West Coast. Ivy League, gidan su Harvard da Yale, sai a 2023 ta fara nata da ƙungiyoyi huɗu. Ni dai ina ganin hujjar masu ƙin ta fi ƙarfi a irin wannan matakin, amma masu so suna da tasu: wasan da ake cewa yau ko mu ko ku shi ne talabijin ke so, kuma shi ne ke sa ƙungiyar da ke ta biyar a tebur a watan Oktoba ba za ta saki jiki ba, tana ganin har yanzu akwai ƙofa.

A ACC kuwa lissafin ya juye. Manyan can ba su da matsalar tikiti, ko sun ci ko ba su ci ba kwamiti zai ɗauke su. Hasali ma shiga gasar ACC ɗin ta fi shiga ta ƙasa wahala. A tsarin da aka bi daga 2021 zuwa kakar 2024 ɗin da nake magana, ƙungiyoyi shida kacal ake ɗauka. Ta ɗaya da ta biyu ba sa buga zagayen farko, suna zaune suna jira. Ta uku ta karɓi ta shida a gidanta, ta huɗu ta karɓi ta biyar, sai a tattara a garin Cary da ke jihar North Carolina, a filin WakeMed, a yi kusa da na ƙarshe da na ƙarshe cikin kwana huɗu. Shida cikin 17. A 2024 shidan su ne Duke, Wake Forest, Florida State, North Carolina, Virginia Tech da Notre Dame. Stanford ba ta samu shiga ba. Amma wannan Stanford ɗin da ba ta kai matsayin shida a gidanta ba, ita ce ta je har zagayen 'yan huɗu na ƙasa baki ɗaya. Kuma 'yan huɗun nan na shekarar, Duke, North Carolina, Wake Forest da Stanford, duk 'yan ACC ne. Wadda ta ɗau kofin ACC ɗin kuwa ba ta wurin, tana gida tana kallo a talabijin.

To in ba tikiti ba, me suke nema har suke kashe kansu? Abu biyu. Na farko matsayi. A gasar ƙasa wadda aka ba babban matsayi ita ke karɓar baƙi a filinta zagaye bayan zagaye, har zuwa 'yan takwas, ba hawa jirgi, ba kwanan otal, ɗalibai 'yan'uwanku sun cika fili. Doke manyan ƙungiyoyi biyu ko uku a sati ɗaya dab da zaman kwamiti yana iya ɗaga ka. Na biyu kuma tsohuwar gaba ce, kuma wannan sai an koma tarihi.

An fara gasar a 1988, kuma abin dariya North Carolina ba ta ci ta farkon ba, maƙwabciyarta NC State ce ta ƙwace a fenariti. Daga nan fa sai aka rufe ƙofa. Daga 1989 har 2003, shekara 15 a jere, North Carolina ce ke ɗauka, ba fashi. Virginia ta tsinke igiyar a 2004, ita ma da fenariti, sai North Carolina ta dawo ta jera biyar daga 2005 zuwa 2009. Mutumin da ya gina wannan daular shi ne Anson Dorrance, wanda ya horar da tim ɗin tun daga 1979 har ya ajiye aiki a Agustan 2024, ya ci kofin NCAA 21. Shi ne kuma ya ja ragamar matan Amurka suka ci kofin duniya na farko a 1991 a China. Mia Hamm da Kristine Lilly ta hannunsa suka biyo. Kai har Sarina Wiegman, kocin matan Ingila, ta buga masa a 1989, Lucy Bronze ma ta yi kaka ɗaya a can a 2009, Alessia Russo ma ta can ta fito. Waɗanda suka tashi da sassafe suka kalli Ingila ta cire Super Falcons a fenariti a Brisbane a 2023, to ku sani wani ɓangare na wannan ciwon daga Chapel Hill, garin jami'ar North Carolina, aka dafo shi.

Daga 2010 ruwa ya canza hanya. Wake Forest ta ci a shekarar, sai Florida State ta ɗau na farkonta a 2011 a ƙarƙashin Mark Krikorian, wanda dabararsa ita ce ya fita waje ya ɗebo 'yan wasa daga Japan, Turai da Kudancin Amurka maimakon ya tsaya yana rububin 'yan gida da North Carolina. Ta jera 2013, 2014, 2015, 2016, ta ƙara 2018, sannan ta jera biyar daga 2020 zuwa 2024, ukun ƙarshe a hannun Brian Pensky. Jimilla zuwa 2024, North Carolina na da 22, Florida State na da 11. Ka lura, cikin gasa 37 da aka yi a wannan tsawon lokaci, makarantu biyu sun kwashe 33. Don haka duk mai ce maka gasar sili ɗaya ƙwale dama ce ga ƙanana, a ACC dai tarihi bai goyi bayansa ba.

Kuma kar a ɗauka kullum mai cin kofin gamayya faɗuwa take yi a gaba. Florida State ta haɗa biyun a 2014, 2018, 2021 da 2023. Ta 2023 ɗin ma ba a doke ta ba ko sau ɗaya duk kakar, ta yi wa Stanford 5-1 a wasan ƙarshe na ƙasa. A wannan tim ɗin ne Jennifer Echegini take, wadda a can suka fi sani da Onyi, kuma ita aka ba kyautar Hermann ta gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i a shekarar. Ita ce dai wadda ta ci wa Najeriya ƙwallo ta uku a ragar Maroko a Rabat ranar 26 ga Yulin 2025, bayan an fara cin mu biyu ba ko ɗaya, Falcons suka ɗau kofin Afirka na goma. Ba ita kaɗai ba ce. Randy Waldrum, duk lokacin da yake kocin Falcons daga 2020 zuwa 2024, aikinsa na kullum a jami'ar Pittsburgh yake, ita ma 'yar ACC ce, abin da ya jawo masa surutu ba kaɗan ba a Najeriya cewa ya raba ƙafa. Ya ɗauki Deborah Abiodun ta Falcons ya kai ta can bayan kofin duniya na 2023, kuma a shekarar Pittsburgh ta kai zagayen 'yan takwas na ƙasa, inda Florida State ta tare ta. Wato 'yan watanni bayan sun sa riga ɗaya a Ostareliya, Echegini ce a ɓangaren da ya kori kocinta na ƙasa. Toni Payne ma Duke ta yi.

Yanzu mu zo kan dokokin cikin fili, don in ka kunna wasan a waya karo na farko za ka ɗauka wani abu ya lalace. Agogo baya yake tafiya. Yana farawa daga 45:00 yana sauka zuwa sifili, kuma ba a hannun alƙalin wasa kaɗai yake ba, yana kan allo kowa na gani. In an ci ƙwallo ko an ba da kati ko wata ta ji ciwo, alƙali ya ɗaga hannu ya gicciya su a saman kansa, agogo ya tsaya. Babu wani ƙarin minti biyar da za a ɗaga a allo. In saura daƙiƙa goma mai lasifika zai fara ƙirgawa, goma, tara, takwas, 'yan kallo su kama, ƙwallo na iska ko tana kan layi, ƙaho na busawa wasa ya mutu. Mu da muka saba zagin rafali kan ya ƙi busa tashi, a nan ba wanda za ka zaga.

Canji kuma ba irin na Turai ba ne. Koci na iya canza 'yan wasa da yawa, kuma wadda aka cire a rabin farko tana iya dawowa bayan hutu, a rabi na biyun ma tana da damar fita ta sake shiga sau ɗaya. Wannan dokar ce Dorrance ya mora shekara da shekaru: matsa wa abokin karawa tun daga gidansa, gudu ba tsayawa, in 'yan gaba sun gaji a minti na 25 ya zubo sababbi uku a lokaci ɗaya. Masu sukar tsarin suna cewa yana koya wa yara gudu da ƙarfi fiye da natsuwa da ƙwallo, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ka tuna ana buga wasa Alhamis a sake bugawa Lahadi, kusan kowane sati, ga lacca ga jarrabawa. In ba wannan canjin da ƙafafu sun karye tun Oktoba. A gasar gamayya kuwa, inda wadda ta fara daga zagayen farko za ta buga wasa uku masu zafi cikin kwana takwas, zurfin benci shi ne rabin nasara.

Ƙarin lokaci ma an yi ta juya shi. A 2022 aka soke shi gaba ɗaya a wasannin lig, in minti 90 ta cika a tashi canjaras. A gasar sili ɗaya ƙwale ana ƙara minti 10 sau biyu, kuma a 2022 ɗin aka ce sai an buga duka ko da an ci. A 2024 aka dawo da tsohuwar doka, wadda ta fara ci wasa ya ƙare nan take. In ba a ci ba sai fenariti.

Wani zai tambaya, wai me ya sa jami'a za ta zuba kuɗi haka a ƙwallon mata, har da fili da koci da likita da tikitin jirgi? Amsar tana cikin wata doka ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta haramta wariyar jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Makarantun nan suna kashe dukiya a kan ƙwallon Amurka ta maza, mai kwalkwali da kafaɗu, wadda a da tim ɗaya kan ci gurbin tallafin karatu har 85. Dole a daidaita da mata, kuma ƙwallon ƙafa na ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi, tunda tana ɗaukar mutum da yawa. Shi ya sa shekaru da dama a babban rukuni ƙungiyar mata ke da gurbin sukolashif 14, ta maza kuma 9.9 kacal. NCAA ta fara gasar ƙasa ta mata a 1982, shekara tara kafin FIFA ta yi kofin duniya na mata.

Sai dai kuɗin da ya gina abin shi ne kuma yake yamutsa shi yanzu. A 2024 ACC ta ɗauki Stanford da California, duka biyun daga gabar ɗaya tekun, da SMU daga Dallas. Ba don ƙwallon mata aka yi ba, kwangilar talabijin ta ƙwallon Amurka ta maza ce ta watsa Pac-12 kowa ya nemi mafaka. Sakamakon shi ne yarinya a Stanford za ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000, da bambancin awa uku, don ta buga wasan da ake kira na gida, ta dawo ta shiga aji ranar Litinin. Kuma da ƙungiyoyi 17 da wasa 10, ba kowa ke haɗuwa da kowa ba. Wata za ta ci sa'a jadawalinta ya kauce wa manya biyu, wata kuma a jera mata su duka. Wannan shi ne abin da ya sa na sassauta ra'ayina game da gasar a ACC: tunda teburin kansa bai cika adalci ba, ba laifi a tara na sama a fili ɗaya su warware. Inda nake da ja shi ne shida sun yi kaɗan ga gidan da ke iya cika zagayen 'yan huɗu na ƙasa shi kaɗai.

Akwai kuma masu kallo na musamman a wannan satin. Tun Agustan 2024 gasar ƙwararru ta matan Amurka, NWSL, ta soke tsarin da kulob-kulob ke zaɓar ɗalibai bi da bi, yanzu 'yar wasa ita ke zaɓar inda za ta sa hannu, a Amurka ko a Turai. Ka ga kenan wasa biyu a Cary, a gaban kyamara, da abokan karawa mafi ƙarfi, tamkar intabiyu ne. Echegini tana gama kakar 2023 ta wuce Juventus, daga can PSG.

Wasan ƙarshe na ACC Lahadi ake yin sa, washegari Litinin kwamiti ya fitar da sunayen 64. Za ka ga bidiyon 'yan wasa sun taru a ɗaki ɗaya cikin rigar makaranta, ido a kan allo, ana kiran suna su fashe da ihu. A 2024 North Carolina ta shiga wannan ɗakin da ciwon 3-2 na jiya, da kocin riƙon ƙwarya, Damon Nahas, wanda ya karɓi tim ɗin kwanaki kaɗan kafin a fara kaka. Wata ɗaya bayan nan, ranar 9 ga Disamba, suka dawo WakeMed, Olivia Thomas ta buga firikik ta wuce golar Wake Forest, aka tashi 1-0. Kofin NCAA na 22 kenan, na farko tun 2012, kuma na farko da ba Dorrance a benci.